"Pick" da "pick up": shin wannan "up" ɗin dole ne?

Ummu_Haidar
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina da tambaya ga malaman Turancin cikinmu. Ina shirin jarrabawar IELTS ne, ta gwajin iya Turanci, to shekaranjiya malamin da ke duba min rubutu ya ce in rubuta labarin wata tafiya da na taɓa yi. A ciki na rubuta "I called him three times but he did not pick my call", can ƙasa kuma na sa "my brother came to pick me at the airport". Da takardar ta dawo, wurare biyun nan duk ya zagaye su da jan biro, ya ɗora "up" a saman kowanne. Ni kuwa tun ina sakandare haka nake faɗa, haka kuma nake ji a asibitin da nake aiki, har a bakin likitoci. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya, ban taɓa jin an gyara wa wani ba. Abin ya tsaya min a rai, don kuɗin jarrabawar nan sai da na yi adashi na haɗa su, ba na son 'yar ƙaramar kalma ta ja min asara. Shin "up" ɗin nan dole ne, ko tsanani ne irin na malamai? In kuma dole ne, me yake ƙarawa?

Malam_Sabo
Wa alaikumus salam, Malama. Malaminki bai tsananta ba. A Turancin Ingila da na Amurka "pick" kalma ce daban, "pick up" ma kalma ce daban, ko da yake tushensu ɗaya. "Pick" shi kaɗai zaɓe ne, kamar "pick a number", ko tsinko abu daga jikin uwarsa, kamar "pick mangoes" da "pick cotton", ko sakace, kamar "pick your teeth". Amma ɗaga abu daga ƙasa, da zuwa ɗauko mutum a mota, da ɗaga waya, duk "pick up" ne. In kika ce wa Bature "my brother came to pick me at the airport", abin da zai fara faɗo masa a kunne shi ne ɗan'uwanki ya zo ya zaɓe ki daga cikin mutanen filin jirgi. Zai gane nufinki daga baya, amma sai ya ɗan yi tuntuɓe, kuma a kan irin wannan tuntuɓen mai duba jarrabawa yake rage maki.

Sannan ki kula da mazaunin "up" ɗin. In abin da aka ɗauka suna ne, zaɓi naki: "pick up the children" ko "pick the children up", duka daidai ne. In kuwa wakilin suna ne, irin su me, him, her, it, them, to tilas ya shiga tsakiya: "pick me up", "pick it up". Ba a cewa "pick up me". Shekara ashirin da uku ina koyarwa a sakandare, nan ne ɗalibai suka fi zamewa bayan sun koyi saka "up" ɗin.

Dan_Kurmi
Allah ya gafarta Malam, ni ban yarda a kira shi kuskure ba. Daga Sakkwato har Fatakwal kowa "pick my call" yake cewa, farfesa da ɗan tireda. Abin da miliyoyin mutane ke faɗa kullum suna fahimtar juna ai ya zama harshe. Ba'amurke ya sauya Turanci ba wanda ya ce ya yi kuskure, sai mu?

Hauwa_Leeds
'Yar'uwa Ummu Haidar, ni ma aikin jinya nake yi, yau shekarata huɗu a Ingila, kuma ina roƙonki ki riƙe kalmar nan da kyau, don a ɗakin marasa lafiya kusan kullum sai kin ji ta. A makona na biyu muna karɓar aiki da safe, muna tsaye a bakin gadon wata tsohuwa da ta yi kwana uku ba ta ko iya riƙe cokali. Wadda ta kwana da ita ta rufe fayil ta ce min "she's picking up nicely". Na dubi hannun tsohuwar a kan bargo, ko motsi ba ya yi, na ce a raina me take ɗauka? Sai da na tambaya aka ce min ai nufinta ta fara samun sauƙi, ta sha shayi da asuba har ta nemi tabaraunta. Wato in "pick up" ya zo ba tare da abin da aka ɗauka ba, yakan zama farfaɗowa.

Bayan wannan akwai "he picked up an infection", wanda mu ma haka muke faɗa, ya kwaso cuta. Akwai "the scan picked up a small lump", wato hoton da aka ɗauka ya gano ɗan ƙulli. Akwai "pick up your prescription", ki je ki karɓo maganin da aka rubuta miki. Ma'ana huɗu ke nan a aiki ɗaya, kuma a wurin da rai ke hannunki ba a son sai kin tsaya kina lissafin wacce ake nufi.

Sai ɗan ƙari a kan jimlarki ta farko. A nan ban cika jin "pick up my call" ba ma. "He didn't pick up" kawai suke cewa su tsaya, ko "he didn't answer".

Ummu_Haidar
Anti Hauwa Allah ya saka da alheri. Wallahi da ni ce a wurin nan da haka zan tsaya ina duban hannunta. Na kwafe huɗun nan a littafina.

Abba_BUK
Ni Hausa nake karanta a jami'a, kuma ina ganin amsar tambayar Anti Ummu Haidar ta biyu, wato me "up" yake ƙarawa, tana cikin bakinmu. Ku duba: ɗauka, ɗauko, ɗauke. Saya, sayo, saye, sayar. Tushe ɗaya ne, amma wasalin ƙarshe ya juya maganar. "Sayi mota" da "sayar da mota" ai gabas da yamma ne. Wannan shi ne abin da muke karantawa da sunan giredin aikatau, wanda F. W. Parsons ya tsara gida bakwai a 1960. Aikin da mu muke sa wa ƙarshen kalma, shi Bature yake ɗora wa 'yan ƙananan kalmomin nan, up, off, out, in.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na ƙarewa. "Eat" ci ne, "eat up" cinye. "Drink" sha ne, "drink up" shanye. In uwa ta ce wa yaro "shanye kokonka", ba "sha" kawai take nufi ba, so take ta ga ƙasan kofi. To in baƙo mai koyon Hausa ya ce miki "na ɗauki yara daga makaranta" alhali yana tsaye a tsakar gida da su, kin gane shi, amma kunnenki zai gaya miki "ɗauko" ya kamata ya ce. Haka kunnen Bature yake ji in an yar da "up".

Malam_Sabo
Madalla da Abba. Wannan misali na ɗauka da ɗauko zan kai shi aji ranar Litinin in Allah ya kai mu. Sai dai kada a ɗauka kullum "up" ƙarewa yake nufi. A "give up" fa? A "she's picking up" da Hajiya Hauwa ta kawo fa? Wasu ana iya bin sawunsu a gane, wasu kuwa sai dai a haddace su ɗungurungum kamar yadda baƙo zai haddace "ci amana", "ci bashi", "ci jarrabawa", "ci mutunci", ba tare da ya tambayi ina tuwon da aka ci ba. Su kansu Turawan sun daɗe da sanin wahalar. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya ambaci irin wannan haɗi na aikatau da ƙaramar kalma a matsayin abin da ya fi ba baƙin harshen wuya.

Issoufou_Maradi
Gaisuwa ga kowa daga Maraɗi. Mu da muka yi boko da Faransanci abin ya fi yi mana nauyi. A Faransanci kowace ma'ana da kalmarta: tsintar abu a ƙasa "ramasser", ɗaga waya "décrocher", zuwa ɗauko mutum "aller chercher". Da na fara shiga Kano da Legas sarin kaya ina koyon Turanci, sai na tarar kalma guda ce ke ɗauke da duk wannan kaya. Kuma Turancin nawa a kasuwa na same shi, ba a aji ba, don haka "pick" na koya ba "up". Yanzu ɗana yana karatu, yana gyara min, ni kuma ban san wa zan bi ba, shi ko abokan cinikina.

Hauwa_Leeds
Alhaji Issoufou, abin da ka faɗa yanzu ma sunansa "pick up". In mutum ya koyi harshe a bakin mutane ba a makaranta ba, cewa ake yi "he picked up English in the market". Ya tsince shi ke nan.

Zango_Kumasi
A nan Gana ma haka ne, "pick my call", "I'll pick you at five". Har muna da ƙari: "pick a taxi" ko "pick a car", wato ka shiga motar haya. Don haka ina bayan Dan_Kurmi, abin nan ba na Najeriya kaɗai ba ne, kuma ba jahilci ba ne.

Tsohon_Akawu
'Ya'yana, ku bari in sa baki a kan zancen waya, don yawancinku ba ku riski irin wadda muka yi aiki da ita ba. A ofishinmu baƙar tarho ce mai nauyi a kan teburin magatakarda, da kanta a kwance a bisa wasu 'yan ƙahoni biyu. In ta yi ƙara, sai ka sa hannu ka ɗaga kan nan sama kafin layi ya buɗe. Wannan ɗagawar ita ce "pick up", ɗagawa ce ta gaske da hannu. In ka gama ka mayar. Waɗanda suka gabaci tamu kuma a bango ake kafa su, abin sawa a kunne yana rataye a ƙugiya, shi ya sa har gobe ake cewa "hang up", wato rataye, alhali yau ba abin da kowa ke ratayewa. Wayar salula ta shigo mana a 2001, aka koma danna maɓalli, yanzu ma shafa gilashi ake yi, amma kalmar ta zauna. Mu ma ai "bai ɗaga ba" muke cewa. Ita kanta "waya" daga "wire" muka samo ta, ga shi kuwa ta yau ba ta da igiya ko ɗaya.

Ni a ganina wanda ya taɓa ɗaga kan tarho ba zai manta da "up" ba. Matasa ne ba su ga abin da ake ɗagawa ba.

Dan_Kurmi
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan tarihi ne mai daɗi. Amma ai hujjata ce ka ƙarfafa. Tunda ba abin da ake ɗagawa yanzu, don me za a tilasta mana "up"?

Direban_Abuja
Ni direba ne, ina jan baƙi Turawa a wurin aikina, kuma akwai wata ma'ana da ba wanda ya taɓo, wadda ta taɓa sa ni cikin damuwa. Wata ranar Juma'a na makara zuwa ɗauko wata baƙuwa. Dalili kuwa, a hanya na ga 'yar maƙwabcina a tsaye a bakin titi ana ruwa, da jakar makaranta a ka, na tsaya na rage mata hanya. Da na iso na ba da haƙuri na ce "sorry madam, I picked up a girl on the road". Matar nan ta yi shiru, ta ɗaure fuska, har muka isa masauki ba ta ƙara ce min uffan ba. Sai washegari wani abokin aiki ya ja ni gefe ya ce a wurinsu in namiji ya ce "picked up a girl" haka kawai, ba suna ba dangantaka, ana iya fahimtar ya tsinci mace ne don lalata. Ranar ban iya cin abinci ba, don mutuncina ne a kan layi, kuma ina da 'ya'ya mata. Na je na yi mata bayani, ta fahimta, har ta ba ni haƙuri. Tun daga nan "I gave my neighbour's daughter a lift" nake cewa. Don Allah 'yan'uwa masu tuƙi a kiyaye.

Hajiya_Mairo
Subhanallahi. Allah ya kiyaye mana mutuncinmu. Gara da ka faɗa, ɗana. Ni kuma wadda na sani ita ce ta jarida, "he was picked up by the police". Ba rage masa hanya suka yi ba, kama shi suka yi. Akwai wadda na sani da aka turo mata saƙo haka a kan ƙaninta, ta ce alhamdu lillahi ya samu mota, sai dare ta san yana ofishin 'yan sanda.

Sani_Gareji
Tunda an zo kan mota, a-kori-kura fa? Ita ma "pickup" ake ce mata. Mahaifina da Peugeot 404 ya yi ta jigilar buhunan gyaɗa da masara, daga baya ya sayi 504 irin wadda ake haɗawa a Kaduna. Kamfanin Peugeot na Kaduna a 1975 ya fara fitar da motoci. Ita ma daga wannan kalmar take?

Malam_Sabo
Daga ita take, Sani, mota ce ta kwasar kaya. Sai dai nan ta zama suna, ana haɗe ta wuri guda a rubutu, kuma nauyin murya yana kan gaɓar farko. In aikatau ce kuwa, a raba su, nauyin ya koma kan "up".

Tunda an zo kan furuci, akwai abin da ya shafe mu mu Hausawa musamman. Harshenmu bai raba p da f ba, don haka da yawanmu "fik of" muke cewa. Kunnen baƙo sai ya ji kamar "pick off", wanda kuma ma'anarsa harbe mutane ko dabbobi ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake sa ɗalibaina: su riƙe 'yar takarda a gaban baki su ce "pick". In leɓɓa sun haɗu sun fashe, takardar za ta yi tsalle sau ɗaya. A "up" kuma su tabbata bakin ya rufe ruf a ƙarshe. Malama Ummu Haidar, ki gwada wannan saboda ɓangaren magana na jarrabawarki.

Dan_Kurmi
Ni dai a dawo kan maganata, don an bar ta a baya. A watan Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya guda 29, har da "okada", "danfo", "next tomorrow" da "Kannywood". Waɗannan da can malamai da jan biro suke bin wasunsu. "Next tomorrow" nawa aka kashe a takardun yara? Yau ga shi a ƙamus. Me zai hana "pick my call" ya bi sahu? Abin da ke damuna shi ne yaranmu su tashi suna jin duk abin da ya fito daga bakinsu gurɓatacce ne sai wani a Landan ya sa hannu. Na ga ɗalibai masu ƙwaƙwalwa da suka daina buɗe baki a aji saboda tsoron gyara.

Hauwa_Leeds
Yaya Dan_Kurmi, damuwarka gaskiya ce, kuma ni ma na ɗanɗana. Amma ƙamusun da ya shigar da su ai ya rubuta a gefensu cewa Turancin Najeriya ne. Bai ce mai duba IELTS ya karɓe su a madadin nasa ba. Ni da na koma gida hutu "pick my call" nake cewa da ƙannena, ban ga laifinsa ba. A bakin gadon mara lafiya a Leeds kuwa ba zan faɗa ba. Ummu Haidar kuɗin adashinta ta zuba, kuma ba ita za ta sauya wa masu jarrabawa ma'auni ba kafin ranar da za ta zauna.

Abba_BUK
Ina ganin akwai dalilin da ya sa muke yar da "up" ɗin, ba sakaci ba ne. A Hausa, da ma harsunan maƙwabtanmu da dama, kalma ɗaya ce ke ɗaukar wannan aiki, "ɗauka". Mai koyo ya riga ya daidaita "pick" da "ɗauka" a ransa, sai ya ga "up" kamar kaya ne a kan kaya. Wani wurin kuma akasin haka muke yi, mu ƙara inda ba a so, kamar "cope up with" maimakon "cope with". Wani wurin kuma aikatau ɗin muke yarwa mu riƙe ƙaramar, "off the light", "on the gen".

Malam_Sabo
Haka ne Abba. Ga kuma "round up" da muke cewa in za a rufe taro, alhali a can "round off" ne kammalawa, "round up" kuwa tattaro mutane ko dabbobi ne, ko cike lissafi zuwa sama. Dan_Kurmi, ban ce yaro ya ji kunyar bakinsa ba, kuma malamin da ke kunyata yaro a gaban aji bai iya aikinsa ba. Amma ranar da ɗalibina zai zauna WAEC, in ban gaya masa abin da za a kashe masa ba, na ci amanar iyayensa.

Hajiya_Mairo
Malam, to a rubutun ofis fa? Jikata ta ce wai ba a son irin waɗannan kalmomi a takardar neman aiki.

Malam_Sabo
Hajiya, ba haramun ba ne, sai dai sun fi zama a hira da saƙon waya. A takarda mai nauyi an fi son kalma guda: "collect" a wurin ɗauko yara ko kaya, "answer" a wurin waya, "improve" a wurin kasuwa ko jiki ya farfaɗo. Amma a ɓangaren magana na jarrabawa, wanda ya iya sa "pick up" a mazauninsa shi ake ji kamar ya saba da harshen.

Ummu_Haidar
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Jiya ina aikin dare, bayan na gama zagayen ƙarfe biyu na zauna a teburinmu da fitilar waya na rubuta jimla biyar. Ga uku a duba min: "My brother picked me up at the airport." "I called him but he didn't pick up." "The patient in bed four is picking up." Takardar Malam ma na gwada, ta yi tsalle a "pick", amma a "up" har yanzu iska na fita. Sai kuma na ci karo da wata a littafin da nake bita, "the doctor picked up on her anxiety". Wannan "on" ɗin kuma daga ina?

Hauwa_Leeds
Ukun duka daidai ne, 'yar'uwa. "Pick up on" kuwa lura ce da abin da ba a faɗa ba, kamar ki shiga ɗaki ki ga mara lafiya ta ce miki lafiya lau amma tana ta murza bakin zaninta. Shi ba a raba shi, "picked up on it" ake cewa, wakilin sunan yana ƙarshe.

Issoufou_Maradi
To ga shi an dawo da ni baya. Malam ya ce wakilin suna tilas ya shiga tsakiya, yanzu Hajiya ta ce a ƙarshe. Malam Sabo, in ka samu sarari a warware min wannan, ɗana yana nan zaune kusa da ni muna jira.

Dan_Kurmi
Kafin Malam ya dawo, Alhaji, abokan cinikinka na Kano ka ci gaba da ce musu "pick my call", ba wanda zai kasa ɗagawa. Ummu Haidar, Allah ya ba da sa'a, ki saka musu "up" ɗinsu ki ci jarrabawarki. In sakamako ya fito a sanar da mu, ni kuma ina nan a kan bakana.